Tambayi Anti: Zan iya shiga ajin girkin gargajiya a Meziko ba tare da na ci haram ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Maigidana zai je taro a birnin Meziko kuma ya ce mu tafi tare, to ni dai girki shi ne rayuwata, ina saida abinci daga gida, sai na ga ana cewa akwai ajin da ake koya wa baƙi girkin gargajiyar ƙasar a wuni ɗaya, raina ya biya sosai amma ina tsoron naman alade da giya, kuma ban iya yarensu ba ko kalma ɗaya. In shiga ko in haƙura? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki shiga, wallahi ki shiga, kar ki bari wannan damar ta wuce ki. Girkin Meziko ba ƙaramin abu ba ne, tun 2010 hukumar UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana, kuma masara da barkono da muke girki da su kullum asalinsu daga can yankin suka fito, to kinga gidan iyayen kayan miyarki za ki je.

Amma tsoronki yana kan hanya, sai dai ba naman ne babban hatsarin ba, nama ai kina ganinsa da ido ki kauce. Kitsen alade ne matsalar, su manteca suke ce masa, kuma yana shiga inda ba za ki taɓa zato ba, a cikin ƙullin tamales, wani abincin masara da ake naɗewa a ganye a turara, a cikin waken da suke dafawa su dama su sake soyawa, har miyar mole wasu da shi suke soya kayan haɗinta, a Wahaka (Oaxaca) da ke kudancin ƙasar kuma akwai wata faffaɗar gurasar masara mai suna tlayuda da suke shafa mata asiento, wato ragowar kitsen da ya kwanta a gindin tukunya, mutum zai ɗauka wake da cuku kawai ya ci. Don haka tun kafin ki biya ko sisi ki rubuta wa mai ajin saƙo, ki ce ba kya cin alade ba kya cin kitsensa ba kya shan giya, ki tambaye ta ko za ta yi miki da man gyaɗa ko wani man tsiro, da romon kayan lambu a madadin romon kaza tunda ba ki san yankan ba. Masu irin wannan ajin sun saba da baƙin da ba sa cin nama sam, ba za ta ga kin zo da sabon abu ba, idan kuma ta fara miki kwana-kwana ki nemi wata. Ki haddace waɗannan ko ki ajiye su a waya: no como cerdo, ba na cin alade, sin manteca, ban da kitse, sin alcohol, ban da giya. A ƙarshen aji sukan kawo mezcal a ɗanɗana, giya ce mai ƙarfi, ki ce a ba ki agua de jamaica, kuma za ki yi murna domin zoɓo ne tsantsa, irin namu. Suna yin na tsamiya ma.

Maganar yare kar ta dame ki, da yawa daga ajin da ake yi wa baƙi da Turanci ake yi, kawai ki tabbatar kafin ki yi rajista.

Yanzu wane aji? Ni dai ra'ayina duk ajin da ba a fara shi daga kasuwa ba ki bar shi. Idan za ku samu sarari ku je Wahaka, daga birnin Meziko kamar awa ɗaya ne a jirgi, a bas kuma awa 6 zuwa 7, can ne ake wa kirari da ƙasar mole bakwai, malamar za ta zaga da ku kasuwa irin su Benito Juárez ko 20 de Noviembre ta nuna muku busasshen barkono kala-kala, ancho da guajillo da pasilla da chilhuacle, kowanne da aikinsa, wani don launi wani don ƙamshin hayaƙi wani ɗan zaƙi-zaƙi, ba duka ne don yaji ba. A nan za ki ga fara soyayye tuli a kwando, chapulines, da gishiri da lemon tsami da barkono. Idan lokaci ya ƙure Puebla ta fi kusa, wajen awa 2 a mota, ita ce mai mole poblano.

Tunda sana'arki ce, abu biyu nake so ki zuba wa ido fiye da komai. Na farko yadda suke sarrafa masara, nixtamal, ana dafa ƙwayar masara da ruwa da ɗan farar ƙasa ta ci mai suna cal, a bar ta ta kwana a jiƙe, a wanke dusar ta fita sannan a niƙa ta zama ƙulli mai danƙo da suke kira masa, wannan dahuwar ce ke sa ƙullin ya haɗu ya yi tortilla, wato gurasarsu ta masara, ba tare da ya farfashe ba, kuma ita ke sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin da ke cikin masarar. Ki roƙi malamar ta bar ki ki taɓa ƙullin da hannunki ki ji laushinsa, ki gasa tortilla a kan comal, faffaɗan kaskonsu, har ki ga ta kumbura, hannu ne ke koyon wannan ba takarda ba. Na biyu gasa kayan miya kafin niƙa, su suna ɗora tumatir da albasa da tafarnuwa da barkono a busasshen kasko har su yi ɗan baƙi-baƙi sannan su daka a molcajete, turminsu na dutse, kuma busasshen barkono daƙiƙa kaɗan ake masa a wuta, yana wuce haka zai yi ɗaci ya ɓata miki miya gaba ɗaya. Wannan dabarar kina dawowa Kaduna za ki iya gwada ta a miyar jajjage da tattasai da attaruhu.

Mole kuwa kar ki sa ran iya shi a wuni ɗaya, wani yana cin kayan haɗi sama da 20, da riɗi da gyaɗa ko almon da kirfa da ayaba da cakulan, ki dai rubuta jerin yadda take soya su ɗaya bayan ɗaya.

Ki sa takalmi mara tsini domin tsayuwar tana da yawa, mayafinki ki ɗaure shi sosai saboda wuta, ruwan gora kawai za ki sha ban da na famfo, sannan birnin Meziko yana kan tudu sama da mita 2,200, ranar da kuka sauka za ki iya jin haki da ciwon kai, to ki sa ajin a kwana na biyu ko na uku. Cal ɗin nan ki sayo na ci a kasuwarsu in za ki gwada nixtamal a gida, kar ki kuskura ki yi amfani da na magina, kuma kanwa ba ita ba ce. Allah ya kai ku lafiya, ki rubuto mana in kin dawo.