Na maƙale a Littafin Firistoci: ina zaren labarin yake?

Tambaya: Malam, salama. Bara aka yi mini baftisma, na ƙudura zan karanta Littafi Mai Tsarki daga bango zuwa bango. Farawa da Fitowa sun yi mini daɗi, amma da na shiga Littafin Firistoci sai na rasa inda aka dosa: hadayu, kitsen rago, dokokin kuturta. Na ajiye. Na tambayi kawuna, wanda ya fi shekara talatin yana dattijon ikilisiya, ayoyi cike da kansa, ya ce shi ma bai taɓa ganin yadda littattafan suka haɗu ba. Shin akwai labari guda a ciki? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: Salama, 'yar'uwa. Akwai labari guda, kuma inda kika tsaya nan na sha ganin 'yan ajin baftisma suna tsayawa. Ki gaishe mini da kawu. Dattijon da zai ce wa 'yarsa "ni ma ban gani ba" ya cancanci girmamawa.

Abu na farko da ke rikita mai karatu shi ne jerin littattafan. Guda 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo ('yan'uwanmu Katolika suna da 73), kuma an jera su ne bisa ga irinsu: Attaura, tarihi, waƙoƙi da hikima, sannan annabawa. Ba a bi shekaru ba. Shi ya sa za ki riski Nehemiya tun kafin Zabura, alhali Amos da yake can baya ya riga shi da wajen shekara 300. Wanda bai san haka ba zai ga kamar ana ta kai shi gaba ana dawo da shi.

Zaren kuwa shi ne wannan: Allah yana so ya zauna tare da mutane, mutane suka ɓata zaman, shi kuma bai fasa ba. A gonar Aidan ana tare. Daga sura ta 3 aka kori mutum, ɓarna ta yi ta yaɗuwa, Kayinu ya kashe ƙanensa, ruwan tsufana ya zo, aka watse a hasumiyar Babila kowa da harshensa. Sai Farawa 12, surar da nake roƙon ɗalibaina su ja mata layi. Allah ya kira Ibrahim, tsoho mai shekara 75 wanda matarsa ba ta taɓa haihuwa ba, ya yi masa alkawarin zuriya da ƙasa, ya ce ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Duk abin da ya biyo baya, har zuwa shafi na ƙarshe, bin sawun wannan alkawari ne.

Yanzu ga littafin da ya tsayar da ke. Ki koma ƙarshen Fitowa, sura 40. An gama kafa alfarwa ta sujada a tsakiyar zango, ɗaukakar Ubangiji ta sauko ta cika ta, sai aya ta 35 ta ce Musa bai iya shiga ba. Musa fa, wanda ya tsaya gaban Fir'auna. Allah ya tare a cikin jama'arsa, ga shi babu mai iya kusantarsa. Littafin Firistoci ya buɗe da Ubangiji yana kiran Musa daga cikin alfarwar, shi yana waje. Ki tsallaka zuwa ayar farko ta Littafin Ƙidaya, za ki tarar ana magana da Musa a cikin alfarwar. Surori 27 da ke tsakani su ne amsar tambaya guda: yaya mai zunubi zai zauna maƙwabcin Allah mai tsarki, ya rayu? Jinin da kitsen da wanke-wanken duk hanyar shiga ce. Ranar da na fara lura da wannan ina ɗalibi, na daɗe zaune da littafin a buɗe a cinyata.

Daga nan labarin yana sauri. Joshuwa ya shigar da Isra'ilawa, zuriyar Ibrahim, ƙasar alkawari, zamanin mahukunta kowa ya yi abin da ya ga dama, aka naɗa sarki. Dawuda ya so ya gina wa Allah gida, Allah ya ce shi ne zai kafa wa Dawuda gida da gadon sarauta na har abada (2 Sama'ila 7). Sulemanu ya gina Haikali, bayansa mulki ya tsage biyu. Assuriya ta cinye arewa a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Babila ta ƙone Urushalima da Haikali a 586, ta kwashe mutane bauta. A wannan tsakani ne yawancin annabawa suka yi ta jan kunne. Ezekiyel ya ga ɗaukakar Ubangiji tana tashi daga Haikali, Irmiya kuma ya yi albishir da sabon alkawari wanda za a rubuta a zuciya. Da Sairus na Farisa ya bar su suka koma, aka aza harsashin sabon Haikali, matasa suna sowa, tsofaffin da suka ga na farko suna kuka da ƙarfi (Ezra 3). Haka Tsohon Alkawari ya rufe: an dawo gida, amma babu ɗan Dawuda a kan gado, al'ummai kuma ba su ga albarkar ba tukuna.

Shi ya sa Matiyu ya fara da salsalar da mutane ke tsallakewa. Layin farko ya kira Yesu ɗan Dawuda, ɗan Ibrahim, wato yana gaya wa mai karatu cewa ga wanda ake jira. Yahaya 1:14 ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu, kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci kuwa tana nufin kafa alfarwa. A daren Jibin Ƙetarewa Yesu ya ɗaga ƙoƙo ya ambaci sabon alkawarin nan na Irmiya. Da ya mutu, labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa. A ranar Fentikos harsunan da suka rabu a Babila suka ji labari ɗaya, kowa da nasa. Wahayin Yahaya ya ƙare da birnin da babu haikali a cikinsa, domin Allah da kansa yana zaune da mutane, ga kuma itacen rai na gonar Aidan ya sake bayyana.

Ga kawu da ire-irenmu da muka daɗe a hanya, tarkonmu dabam ne. Mun haddace ayoyi, mun manta gidajensu. Lambobin nan ma daga baya aka sa su: Stephen Langton ya raba surori a ƙarni na 13, Robert Estienne ya sa wa Sabon Alkawari lambobin ayoyi a 1551. Ɗauki Irmiya 29:11, wadda ake liƙawa a bayan mota da ƙofar shago, inda Allah ya ce ya san shirin alherin da yake yi mana. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen da aka kwashe bauta, kuma aya ta 10 ta ce sai an cika shekara 70. An ma umarce su su gina gidaje, su yi shuka, su yi wa birnin da ya kama su addu'a. A ganina wannan ya fi ƙarfafa mai wahala fiye da yadda muke karanta ta a tsinke. Sai dai ina jan kunnen masu wa'azi: kada a mai da kowane turke da igiyar alfarwa wata alama ta Yesu. Inda manzanni suka haɗa, mu haɗa, inda suka yi shiru mu yi hattara.

Ga yadda zan so ki sake farawa, sannu ba ta hana zuwa. Ki karanta Luka tukuna, har ki kai sura 24 inda Yesu ya bi almajirai biyu a hanyar Imuwasu yana fassara musu Littattafai tun daga Musa. Sannan ki bi littattafan labari kaɗai: Farawa, Fitowa, Ƙidaya, Joshuwa, Mahukunta, Sama'ila, Sarakuna, Ezra, Nehemiya, ki dawo Luka da Ayyukan Manzanni. Zabura ki riƙa haɗawa da ita kullum don addu'a. Annabawa su jira zagaye na biyu, lokacin da kin san sarakunan da suke yi wa magana.

Littafin Firistoci kuma, ki ɗauki sura 16 kawai, Ranar Kafara, ki je wurin kawu wata Lahadi da yamma. Ke ki karanta yadda babban firist yake shiga bayan labule sau ɗaya a shekara da jinin bunsuru, shi kuma ya karanta miki Ibraniyawa 9 da 10.