Yadda dokokin wasan allo ke isar da jigo ba tare da dogon labari ba

Ka yi tambaya kan yadda masu wasa za su ji jigon wasanka ba tare da ka cika katuna da rubutu ba. Fara da abin da hannun ɗan wasa ke yi idan juyinsa ya zo. Daga bugu na biyu ba mai karanta labarin da ke jikin kati, amma dokar da ta takura shi kullum yana jin ta.

Dubi Pandemic na Matt Leacock, wanda ya fito a 2008, wasan allo ne da masu wasa ke haɗa kai su yaƙi cututtukan da ke yaɗuwa a birane. Birni ba ya ɗaukar fiye da ƙwayoyin cuta 3 masu launi ɗaya. Idan ta huɗu ta zo, sai cutar ta fantsama duk biranen da ke haɗe da shi, wani lokacin ta tayar da wata ɓarkewar. Dabarar da ta fi kyau a ganina ita ce ta katin annoba: ana gauraya katunan biranen da suka riga suka kamu, a mayar da su saman tarin katunan da ke nuna birnin da zai kamu, sai cuta ta riƙa komawa inda ta taɓa yin ɓarna. Ga shi ayyuka 4 kacal kowa ke da su a juyinsa, dole hankali ya tashi.

A naka wasan, cire rubutun gaba ɗaya, ka ba mutum 3 ko 4 su buga, sannan ka tambaye su me suka ji. Inda aka fi yin kuskure shi ne maki ya saɓa wa jigo. Ka ce wasan haɗin kai ne, amma mutum ɗaya ke cin nasara, nan take kowa zai fara ɓoye katunansa.