Amsa ga mai son tayar da tsohuwar Massey

Wa alaikumus salam. Malam na ga tambayarka tun jiya da daddare, ka ce an yi maka tayin wata tsohuwar tantan ta noma, Massey Ferguson 165, a wajen Kura, ta kai shekara biyar a ajiye, ka saya ka tashe ta ko ka haƙura. To ni shekarata tara ke nan da 135, ƙanwar taka, kuma sai da ta koya min hankali kafin na fara cin moriyarta.

Tantan ɗin dai ba ta da laifi. Waɗannan 135 da 165 tun 1964 aka fara yin su, yawancin na wajenmu ƙirar Ingila ne, injin Perkins, tawa silinda uku ƙarfin doki wajen 45, taka silinda huɗu. Babu kwamfuta a ciki, babu wata na'ura da za ta ce sai an kira injiniya daga Legas, bakanike da sifana da guduma ya ishe ta. Kuma tunda har yau ana ƙera Massey a Pakistan da irin wannan zubin, kaya ba sa wuya, ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu ringi da fistin da gasket. Ba kamar tsofaffin Fiat ɗin da aka riƙa haɗawa nan Kano ko Steyr ta Bauchi ba, su sai ka yi sati kana yawon neman abu ɗaya.

Inda aka cuce ni, fenti. Na je na tarar an wanke ta an shafa mata ja sabo fil har tana ƙyalli, mai ita ya riga ya tashe ta kafin in iso, tana ta gurnani, ni kuma zumuɗi ya hana ni tambayar me ya sa injin da ɗumi da sassafe. Washegari a gida muka yi ta kik har batir ya mutu, sai da yaran unguwa suka tura. Don haka ka ce kar kowa ya taɓa ta sai ka zo, ka ɗora hannu a jikin injin ka ji sanyinsa tukuna. Taka da ta daɗe a zaune a fara zubar da tsohon gas ɗin tanki, a canza filta, a fitar da iska daga famfo, sannan a gwada. In ta tashi ka tsaya ka kalli hayaƙi. Baƙi yawanci nozul ne ko iska ba ta shiga sosai, wannan da sauƙi. Shuɗi-shuɗi tana shan baƙin mai, ringi ya tafi, ka sa kuɗin sauke inji a lissafi. Fari da bai ɗauke ba bayan ta yi zafi, ka buɗe lagireto tun da sanyi ka leƙa, in ruwan yana kumfa ko ka ga mai a samansa to gasket ne, ko abin da ya fi haka muni, kan injin ya tsage.

Amma wallahi abin da ya fi cin kuɗina ba inji ba ne, haidrolik ne, kuma shi mutane ba sa dubawa. A Massey famfon ɗaga garma yana can cikin ciki ne, mai ɗaya suke sha da giya da aksul ɗin baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya. Tantan in ta yi shekaru a waje ruwan sama yana bi ta wajen sandar giya ya shiga. Ranar da muka kwance tawa abin da ya zubo kamar kunun gyaɗa, bakaniken ya lakata da yatsa ya nuna min ya ce Alhaji wannan ba mai ba ne. Ka ce a maƙala mata garma mai faifai uku, a ɗaga, a kashe injin, ka nemi inuwa ka zauna. In kafin ka gama shan ruwa garmar ta sauka ƙasa da kanta to ka rage kuɗi sosai. Ka duba tayoyin baya ma, masu tsagewa saboda rana, guda biyun nan kaɗai sai su ci maka abin da ba ka zata ba.

Ni duka-duka gyaran da na yi ya kusa kai kuɗin da na saye ta, kuma damina ɗaya cur na rasa, ana ta haro a Kadawa ni tawa tana gareji a warwatse. Shi ya sa in za ka saya ka saya da kaka, ka yi gyara a rani.

Sai direba. Na farko da na ɗauka gas ɗin bumburutu yake zuba mata ya soke canji, wata uku famfon injekta ya tafi. Ga shi bai taɓa buɗe tukunyar man da ke tace iska ba, alhali da hunturu ƙurar nan tamu sai ta cika ta da taɓo. Yanzu ni nake sayen gas, in bar shi ya kwana a duro ya kwanta, juye kuma a gabana ake yi. Ka ja masa kunne kuma, in tirela ta kafe kar ya ɗaura sarƙa a sama da aksul ɗin baya, gaban ɗagawa yake ta kifo kan mutum, kuma tsofaffin nan ba su da ƙarfen kariya a kan direba.

In gonarka za ta yi wa aiki da ɗan jigilar taki da buhunan shinkafa, ka saya. In kuwa haya kake so ka riƙa bayarwa ka karɓi kuɗin mutane tun kafin ruwa ya sauka, gaskiya tsohuwa guda ɗaya za ta sa ka jin kunya, rana ɗaya ta tsaya layin manoma yana ƙofar gidanka.

Ka turo hoton lambar injin da na bayanta wajen hannuwan garma. Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Garun Malam, in ka shirya sai mu biya da bakanikena ya saurare ta.