Wa ya mallaki gidan Castle Hill na Newport kafin ya koma masauƙin baƙi?

Malam, gidan da ka tambaya, wato Castle Hill Inn da ke bakin teku a Newport, jihar Rhode Island ta Amurka, asalinsa gidan hutun bazara ne na Alexander Agassiz. An gina masa shi a tsakiyar shekarun 1870. Masanin halittun teku ne na jami'ar Harvard, amma dukiyarsa daga ma'adinan tagulla na Calumet da Hecla a Michigan ta fito. Abin da ya fi burge ni shi ne har ɗakin bincike ya kafa a wurin, yana nazarin halittun ruwa a ƙofar gidansa.

Ya rasu a 1910, gidan ya zauna hannun iyalinsa. Guguwar 1938 ta yi wa gaɓar ɓarna sosai, daga nan suka sayar wa wani ɗan kasuwar Newport, J.T. O'Connell. A Yaƙin Duniya na Biyu hafsoshin sojan ruwa ne suka zauna ciki, bayan yaƙi ya koma otal. Yanzu kamfanin Newport Restaurant Group ke riƙe da shi, kuma ma'aikatansa ne masu kamfanin.