An same ni da waya a ɗakin jarrabawa an kore ni, ina da mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a wata jami'ar tarayya. A jarrabawar zangon farko na manta wayata a aljihu, a kashe. Malamar da ke tsaronmu ta laluba ta same ta, ta ba ni fom na cike na sa hannu. Bayan wata biyu ƙawata ta ga sunana a allon sanarwa, wai washegari in bayyana gaban kwamiti. Na je, ko minti biyar ban yi ba aka ce in tafi. Ba a nuna mini rahoton da aka rubuta a kaina ba, malamar ma ba ta zo ba. Daga baya na ji wai an rubuta an kama ni ina duba amsa a wayar. Sati uku ke nan da takardar kora ta fito. Babana ya ce a bar wa Allah, yayana ya ce a tafi kotu.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kawo mafita. Bari in fara da wanda ba zai yi miki daɗi ba. Dokar da ta kafa jami'arku ta ba shugabanta ikon ladabtar da ɗalibi, tun daga taƙaita masa zirga-zirga har dakatarwa da kora. Ranar da kika yi rantsuwar kama karatu kin amince da kundin dokokin ɗalibai, ko kin karanta shi ko yana ƙasan akwati. A jami'o'i da yawa shiga da waya ɗakin jarrabawa laifi ne mai zaman kansa, a kunne take ko a kashe. Saboda haka "mantawa na yi" ba zai wanke ki ba, sai dai ya taimaka wajen neman sassauci.

Amma ɗauko kundin nan yau, bugun da yake aiki lokacin jarrabawar, ki duba abu ɗaya: shin samun waya a jikin ɗalibi da amfani da ita hukuncinsu ɗaya ne? In kundin ya raba su, ya ce wannan dakatarwa wancan kora, to nan maganarki take. Ki kuma tuna sosai abin da kika rubuta a fom ɗin. Wanda ya rubuta "an same ni da waya" bai amsa cewa ya saci amsa ba. In kuwa tsoro ya sa kin rubuta fiye da haka, ki faɗa wa lauyanki tun farko, kada ya fara ganinsa a hannun lauyan jami'a.

Ƙarfinki yana wajen yadda aka yi zaman. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a saurari mutum da adalci kafin a yanke masa hukunci, kuma kotunanmu sun daɗe da cewa wannan ya hau kan kwamitocin jami'a. Shari'ar da kowane lauya zai fara ambata ita ce ta Garba da Jami'ar Maiduguri. A watan Fabrairun 1983 ɗalibai suka yi tarzoma, aka yi ƙone-ƙone da wawaso, jami'a ta kafa kwamiti ta kori wasu. Shugaban kwamitin shi ne mataimakin shugaban jami'a, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar. Ta ce mai ƙara ba ya zama alƙali, ta ce ba a ba ɗaliban damar kare kansu yadda ya kamata ba, ta kuma ce zargi irin na ƙona gini da sata aikin kotu ne, ba na kwamiti ba.

Wannan na ƙarshen shi zai ja hankalin yayanki. Wani zai ce masa ai satar jarrabawa laifi ne a ƙarƙashin dokar maguɗin jarrabawa ta 1999, don haka jami'a ba ta da hurumi. Ni ba zan ɗora shari'arki a kan wannan kaɗai ba. Hukunce-hukuncen da suka biyo baya sun rage masa kaifi. A shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, Kotun Ƙoli ta yarda jami'a ta dakatar da ɗalibin da aka zarga da alaƙa da ƙungiyar asiri, ba sai ta jira kotu ba. Ban da haka, mai cewa lallai sai an kai shi kotun laifi ya sani dokar nan akwai ɗauri a cikinta.

Kwamiti ba kotu ba ne. Ba dole ya bi ƙa'idojin shaida irin na kotu ba, jami'o'i da dama ma ba sa barin lauya ya shiga. Abin da ba zai tsallake ba shi ne ya sanar da ke takamaiman zargin, ya ba ki lokacin shiri, ya nuna miki abin da aka faɗa a kanki, ya bar ki ki mayar da martani. Sanarwar kwana ɗaya a allo tana da rauni, amma ita kaɗai da wuya ta rushe hukunci tunda kin samu kin je. Babbar matsalarsu ita ce rahoton. In da gaske an rubuta kina duba amsa, aka hukunta ki a kan haka, alhali ba a karanta miki ba, ba a kawo malamar kin yi mata tambaya ba, ba a kunna wayar an duba ba, to an hukunta ki a kan zargin da ba ki taɓa ji ba. Na ce "in da gaske" domin har yanzu ji kika yi. Kotu ba ta aiki da an ce.

Yanzu abin yi, kuma a jere yake. Kada ki fara da kotu. Dokokin jami'o'in tarayya sun ba wanda aka dakatar ko aka kora damar ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Gudanarwa ta jami'a. A 2006, a shari'ar Jami'ar Ilorin da Oluwadare, ɗalibin da aka kora kan zargin maguɗin jarrabawa ya yi nasara a ƙananan kotuna, ya zo ya faɗi a Kotun Ƙoli. Bai jira hanyar cikin gida ta ƙare ba, sannan ya shigar da ƙarar a matsayin ta tauye 'yancin ɗan Adam, kotu ta ce zama ɗalibin jami'a ba ya cikin wannan rukuni, ta wata ƙofar ya kamata ya shigo.

Don haka cikin satin nan ki rubuta wa Majalisar ta hannun magatakardan jami'a. Takardar kora ko kundin zai faɗi wa'adin ɗaukaka ƙara, kuma yakan zama gajere. Kada ki cika ta da kuka da labarin wahalar iyaye. Shafi ɗaya ko biyu ya isa: ranar jarrabawa, abin da aka samu, abin da kika sa wa hannu, yadda kika ji labarin zaman, abin da ba a nuna miki ba. Ki roƙi a soke korar a sake zama, ko a mayar da ita hukuncin da kundin ya tanadar wa samun waya kawai. Ki je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ki dawo da shi. Na ga ƙorafi masu ƙarfi sun mutu saboda ofis ya ce bai taɓa ganin takardar ba. A wata takardar daban ki nemi rahoton malamar da bayanin zaman kwamiti, ki ambaci dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa. Ko sun ƙi, ƙin ma hujja ne.

Ga inda ake faɗuwa. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba mai ƙara wata 3 kacal, kuma jami'ar gwamnati tana fakewa da ita. Majalisa kuwa ba kullum take zama ba, tana iya yin watanni ba ta waiwayi takardarki ba. Ki ƙirga wata ukun daga ranar da ke kan takardar kora, kada ki ɗauka ɗaukaka ƙara ya tsayar da agogo. Sati uku sun riga sun tafi. Wasu jami'o'in kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa kafin a kai su kotu. Shi ya sa lauya zai shigo tun yanzu, ya rubuta tunatarwa, ya shirya takardu, in wa'adi ya matso ba amsa ya shigar. Tunda ta tarayya ce, Babbar Kotun Tarayya za a je.

Ki san kuma iyakar abin da kotu ke bayarwa. Tana iya soke korar, amma jami'a na iya sake zama bisa ƙa'ida ta sake hukunta ki kan wayar. Ba ta ba da maki, ba ta ba da digiri. Ta dai taɓa tilasta sakin sakamakon da aka riƙe ba dalili, kamar a shari'ar Jami'ar Ilorin da Adesina a 2014, sai dai ɗalibar ta shafe shekaru tana jira. A ganina, ga 'yar aji huɗu, rage kora zuwa dakatarwar zango biyu a gaban Majalisa ya fi nasarar da za ta zo bayan sa'o'inki sun gama bautar ƙasa.

Maganar Baba ba ta ci karo da wannan ba. Ki ce masa ba faɗa za a yi da hukuma ba, takarda ce doka ta ba ki damar rubutawa. In zai iya zuwa da kansa ya ga shugaban sashenku da mai kula da harkokin ɗalibai, zuwan dattijo yana da tasiri, muddin takardar na gaba. Kafin nan kada ki shiga aji ko ki kwana a ɗakin kwanan ɗalibai, domin korar tana aiki har sai an soke ta. Kada ki hau Facebook ki kira sunan malamar, za ki jawo wa kanki ƙarar ɓata suna. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi a gyara daga ciki, ki guje shi.

In kuɗin lauya ya gagara, ki gwada ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a da ke jiharku. Ki riƙe takardar kora, kundin dokoki, katin jarrabawa, hoton sanarwar allo in ƙawarki ta ɗauka, da sunayen waɗanda suka zauna kusa da ke ranar. Wayar kuma, in tana hannun jami'a ki rubuta a adana ta yadda take, in an dawo miki da ita kada ki goge komai a ciki.