Shin sai an yi wa Baba hoton jijiyar ƙafa?

'Yar'uwa, kin ce Baba na Gombe, mai ciwon suga ne, kafin ya kai masallaci sharaɓarsa ta ƙulle sai ya tsaya, likita kuma ya rubuta hoton Dofla, wato hoton da ke nuna gudun jini a jijiyar ƙafa.

A yi shi. Na'urar irin ta awon ciki ce, ba allura: man nan mai sanyi za a shafa, a bi jijiyar daga matsematsi har idon sawu. Inda ta tsuke jini kan ƙara gudu, nan likita zai gane ko magani da tattaki sun isa, ko sai an buɗa ta da 'yar balan-balan da ake hurawa a cikinta. 

In yatsa ya fara baƙi, ku tafi Asibitin Koyarwa yau.