Ya ce ya turo USDT, ni kuma ban ga ko sisi a walat ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina harkar abaya da turare da dabino a Jidda, ina saro kaya a Balad da Bab Sharif ina aika wa abokan ciniki a Kano da Damagaram ta hannun masu kago. Wasu sun koma biyana da USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, shi ya sa wani yaro ya buɗe mini Trust Wallet a waya, wato manhajar walat ta ajiye irin wannan kuɗi. Shekaranjiya wani ya ce ya turo 1,800, har da hoton shaida, amma shiru kake ji, kuma ya dame ni in saki kaya. Sannan akwai 600 da ke ciki tun tuni, na yi na yi in tura wa mai canji sun ƙi tafiya. Wayar ce ta samu matsala, ko an yashe ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Kayan nan dai kada su motsa tukuna, komai matsin da zai yi maka. Hoton shaida ba kuɗi ba ne, yaron da ya iya waya zai haɗa maka irinsa kafin shayi ya huce.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne kuɗin ba a cikin wayarka suke ba. Suna rubuce ne a wani buɗaɗɗen kundi na intanet da ake kira bulokcen, wanda kowa zai iya dubawa. Manhajar da ke wayarka leƙawa kawai take yi ta gaya maka abin da ta gani, kuma tana iya makara ko ta ɓoye wani abu. Saboda haka ba ita za ka tambaya ba, kundin za ka tambaya.

Ka ce wa mutumin ya turo maka lambar cinikin, wadda ake kira TXID, a rubuce ba a hoto ba. Haruffa ne da lambobi guda 64, ban da 0x da ke zuwa a farkon wasu. Ka kuma tambaye shi ta wane layi ya turo. Idan TRC20 ne, wato layin TRON, ka buɗe tronscan.org; idan BEP20 ne, wato layin BNB Smart Chain, bscscan.com; idan ERC20 ne, wato layin Ethereum, etherscan.io. Ka rubuta sunan shafin da hannunka, kada ka danna mahaɗin da shi ya aiko, domin akwai shafukan bogi masu kama da na gaske sak. Ka liƙa lambar a wurin bincike. Layin TRON yana rufe shafi ɗaya na kundinsa duk daƙiƙa 3, kuma cikin kamar minti ɗaya ciniki ya tabbata. Kuɗin da aka ce sun kwana biyu a hanya, akwai lauje cikin naɗi.

In shafin layin da aka yi amfani da shi ya ce bai san lambar ba, to ba a tura komai ba. Ko dai ƙarya yake yi, ko kuma daga wata kasuwar kirifto ya cire, su kuma suka riƙe kuɗin suna bincike. Ko wanne ne, matsalarsa ce, shi zai bi sawu.

In kuwa lambar ta fito, sai ka nutsu ka duba adireshin wanda ya karɓa. Ka gwada shi da naka harafi bayan harafi, duka, ba huɗun farko da huɗun ƙarshe kaɗai ba. Dalili kuwa, akwai ɓarayin da ke ƙirƙirar adireshi mai farko da ƙarshe irin naka, su jefa wa abokin cinikinka wani ɗan ciniki na sifili domin adireshin nasu ya shiga tarihin walat ɗinsa. Ranar da zai sake biyanka, sai ya kwafo daga tarihi cikin sauri, kuɗi su tafi wajensu. Akwai kuma muguwar manhajar da ke laɓewa a waya tana sauya adireshi tsakanin kwafa da liƙawa. Idan haka ta faru, babu ofishin da zai dawo da kuɗin, sai dai haƙuri. A ganina asarar tana wuyan wanda ya tura, matuƙar adireshin da ka ba shi daidai ne, kuma saƙonku na WhatsApp zai raba gardama.

Idan adireshin naka ne cif, saura abu biyu: layi da kuma asalin kuɗin.

USDT ɗaya ne a suna, amma kamfanin Tether, wanda ya fara fitar da shi a 2014, ya ɗora shi a kan layuka da dama. Adireshin TRON yana farawa da harafin T, haruffa 34 ne. Na Ethereum da na BNB Smart Chain suna farawa da 0x, haruffa 42, kuma a cikin walat guda adireshin nan biyu iri ɗaya ne. Nan ne mutane suke rikicewa. Kai kana kallon USDT na ERC20, shi kuma ya turo ta BEP20 saboda ya fi araha, kamar mai jiran kaya a filin jirgin sama alhali an sauke su a tashar jirgin ruwa. In haka ne, kwantar da hankalinka, kuɗi suna nan. Ka shiga wurin da ake ƙara sulalla a manhajar, ka nemi USDT, ka kunna wanda aka rubuta BEP20 a jikinsa, za su bayyana. Wannan sauƙin na wanda ke riƙe da walat ɗinsa ne da kansa. Da a ce adireshin wata kasuwar kirifto ne aka tura wa ta layin da ba ta karɓa, sai an yi ta rubuce-rubuce da ma'aikatansu, kuma ba kullum ake dacewa ba.

Maganar asalin kuɗi ta fi wannan haɗari. Kowa yana iya ƙirƙirar sulalla ya raɗa mata suna USDT, ya manna mata koren tambarin nan, ta shigo walat ɗinka da adadi mai daɗin gani, amma ko ruwan leda ba za ta saya ba. Masu tallar abin da suke kira "flash USDT" wannan haja suke sayarwa. Abin da ke bambancewa shi ne adireshin kwantiragin sulallar. Na gaske a layin TRON shi ne TR7NHqjeKQxGTCi8q8ZY4pL8otSzgjLj6t. A shafin cinikin ka danna sunan sulallar ka gwada. In ta layin TRON aka turo kuma ya saɓa da wannan, ba a biya ka ba, ko da manhajar ta nuna 1,800.

Sai 600 ɗin da suka ƙi fita. Mafi yawan lokuta abin da ke jawo haka ƙarami ne: ba ka da kuɗin aike. Kowane layi da sulallarsa yake karɓar lada, ba ya cira daga USDT. TRON yana son TRX, Ethereum yana son ETH, BNB Smart Chain yana son BNB. A TRON, tura USDT zuwa adireshin da dama yana da USDT a ciki yana cin kimanin makamashi 65,000 (makamashi shi ne ma'aunin da layin ke lissafa lada da shi), zuwa wanda babu komai a ciki kuwa yana cin ninki biyu, wajen 130,000. Wanda bai tanadi makamashi ba, ana ƙona masa TRX ne a madadinsa. An rage farashin makamashin a 2024, aka sake ragewa a watan Agusta na 2025, don haka kada ka dogara da adadin da wani ya haddace. Manhajar tana nuna ladan kafin ka amince. Ka sa mai canjin ya turo maka TRX 40 zuwa 50 a adireshinka na T, su riƙa zama a ciki. Kuma kada ka yi ta gwadawa da ɗan abin da bai isa ba. Idan TRX ya ƙare a tsakiyar aiki, cinikin zai faɗi, Tronscan ya rubuta "OUT OF ENERGY", USDT ɗinka su tsaya, amma TRX ɗin da aka ƙona sun tafi ke nan.

In ka zuba TRX kuma har yanzu ya ƙi, musamman in yana ƙorafin sa hannu ko izini, ka liƙa adireshinka a Tronscan ka duba sashen izinin asusu. Ya kamata adireshinka kaɗai ya bayyana a matsayin mai iko. In ka ga na wani, an sauya ikon walat ɗin: kuɗi za su iya shiga, amma sai da yardar wancan za su fita. Kada ka ƙara bai wa kowa wannan adireshin.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a wasiƙarka, wato yaron da ya buɗe maka walat. Lokacin buɗewa manhajar ta nuna kalmomi 12 na Turanci. Waɗannan kalmomi su ne kuɗin. Duk wanda ya san su a jere zai buɗe walat ɗinka a wata wayar, daga Kano ko daga Dubai, ba ya buƙatar lambar sirrinka ko zanen yatsanka, kuma ba za ka ji ko ɗuriyarsa ba. Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Amma in ya ɗauki hotonsu, hoton yana iya kasancewa a Google Photos ɗinsa, ko a wayar da zai sayar gobe. Ko 1,800 sun fito ko ba su fito ba, ka sake gida.

Yadda za ka yi: ka zauna kai kaɗai, ba a shago ba inda kyamara ke kallonka. A cikin manhajar ka zaɓi ƙirƙirar sabon walat. Ka rubuta kalmomin da biro a takarda, da lambar kowacce daga 1 zuwa 12, domin jerin yana da muhimmanci kamar kalmomin. Ka yi kwafi biyu, ka ajiye su a wurare daban. Ban da hoto, ban da tura wa kai a WhatsApp, ban da imel. Ka fara tura TRX kaɗan zuwa sabon adireshin, saboda sabon asusun TRON ba ya fara aiki sai TRX ya shiga, kuma akwai ladan buɗewa na wajen TRX 1. Sai ka tura USDT 10 na gwaji, wanda zai ci makamashi ninki biyu ɗin nan tunda gidan sabo ne. In sun isa, ka kwashe sauran. Ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce cikin iyalinka inda takardar take, domin rai ba a bakin komai yake ba, kuma magada ba su da bankin da za su je su nuna takardar kotu.

Matsalolin wayar kanta ba su da wuya. In adadi ya koma sifili ko ya ƙi sauyawa, ka ja fuskar ƙasa ta sabunta, ka kashe VPN, ka sauya daga wayifai zuwa data, ka sabunta manhajar daga Play Store ko App Store kaɗai. A saitin Android akwai maɓallai biyu maƙwabta: ɗaya yana share tarkacen wucin gadi, ɗaya yana share bayanan manhajar gaba ɗaya. Na biyun yana goge walat ɗin, haka ma cire manhajar ko kai waya a yi mata filashin. Kada ka taɓa ko ɗaya sai takardarka tana hannu. In kana da asusu a wata kasuwar kirifto kuma lambobi 6 na Google Authenticator suna ta ƙin shiga, duba agogo. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, mutanenmu da yawa da sun sauka sai su tura agogon gaba da hannu. Lambobin nan suna sauyawa duk daƙiƙa 30 bisa agogon duniya, saboda haka ka mayar da lokaci da yankin lokaci su riƙa saita kansu. Layin wayar da ake turo maka lambar tantancewa ma ka kula da shi: na gida in ya daɗe a kashe ana iya bai wa wani, na nan kuma yana rataye da igamarka ko bizarka.

Da zarar ka yi kuka a Facebook ko Telegram, za ka ga "ma'aikatan kamfani" sun yi maka ca a akwatin saƙo. Babu ma'aikacin gaske da zai nemi kalmominka 12, ko ya ce ka biya kafin a sako kuɗinka.

Ta fuskar kasuwanci kuma, ka san inda ka taka. A watan Agusta na 2018 wani kwamitin gwamnatin Saudiyya da ya haɗa da babban bankin ƙasar, SAMA, ya yi gargaɗin cewa kuɗin kirifto ba kuɗi ne da aka amince da su a masarautar ba, kuma ba a ba kowa lasisin harkarsu ba. Ga kuma dokar tasattur, wadda hukuncinta ke kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5 ga baƙon da ke kasuwanci a ƙarƙashin sunan wani da wanda ya rufa masa. Riyal ɗin da ke shigowa asusunka na banki daga mutanen da ba ka sani ba yana iya sa a rufe asusun a nemi bayani. Shawarata, kada ka yarda ka zama ɗan canjin jama'a, kana karɓar USDT na wasu kana miƙa riyal, komai ɗan abin da za a ba ka. Shi kansa Tether yana da ikon daskarar da USDT a adireshin da hukuma ta nuna, kuma yana yi. A Najeriya babban banki ya hana bankuna hulɗa da harkar a Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, sannan kasuwar kirifto ta Binance ta daina mu'amala da naira a Maris na 2024. Dokoki ne masu saurin juyawa, ka riƙa bibiya. Hukuncinta a shari'a kuwa malamai sun saɓa, sai ka tuntuɓi wanda ka yarda da iliminsa.

Lissafin ba shi da wahala tunda riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986. USDT 1,800 sun kama riyal 6,750, 600 kuma 2,250. Duk abin da mai canji ya ba ka ƙasa da haka, shi ne ladansa, sai ka sa shi cikin farashin kaya tun farko tare da kuɗin TRX. Kada ka mayar da walat rumbun jari; abin da ya shigo ka juya shi kaya cikin kwana ɗaya ko biyu. Ka tsayar wa abokan ciniki layi guda, ka rubuta musu "TRC20 kaɗai" a ƙarƙashin adireshin duk lokacin da ka tura. Sabon abokin ciniki ya fara da 10 na gwaji. A littafinka kuma, kusa da lambar rasidin kowane kaya, ka rubuta kwanan wata da adadi da TXID, sannan ka kira mai kago.